Yadda ake tantance alƙaluman da ake yaɗawa kan tarihin koci

Duk ranar da wata babbar ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta sallami kocinta ko ta ɗauko sabo, kafin a gama karanta labarin hotuna masu ɗauke da alƙaluma sun cika Facebook da WhatsApp da X. Wannan ya ce kocin nan shi ne mafi muni a tarihin ƙungiyar, wancan ya ce ai ya fi wane yawan cin wasa. Da waɗannan hotuna ake zuwa gidan kallo da majalisa a kafa musu, har abokai su ɓata.

Mafi yawan alƙaluman nan ba ƙarya ce tsagwaronta ba. Lambar takan zama gaskiya, sai dai wanda ya haɗa ta ya zaɓi inda zai fara ƙirga, da inda zai tsaya, da wasannin da zai saka da waɗanda zai watsar. Abin yana damuna, domin koci mutum ne da sana'arsa, kuma da irin waɗannan alƙaluma ake zubar masa da mutunci ko a ɗora shi inda bai kai ba. Aikin tantancewar ba ya buƙatar komai sai waya mai data, da takarda, da biro, da ɗan haƙuri.

Mataki na farko: rubuta maganar, ka warware ta

Ka kwafe maganar a takarda kalma da kalma yadda aka faɗe ta, sannan ka yi mata tambayoyi huɗu. Wace gasa ake nufi, lig kaɗai ko dukkan gasanni? Daga wace rana zuwa wace rana? Da wa ake kwatanta shi? Me ake ƙirgawa: nasara, maki, kofi, ko kuɗi? Idan maganar ba ta amsa ko ɗaya daga cikin huɗun ba, nan ne za ka fara tono. Ka kuma ja layi ƙarƙashin kalmomi irin su "na farko", "a tarihi", "bai taɓa ba", "tun daga". Za mu dawo kansu.

Mataki na biyu: nemo inda ta fito

Hoton da aka turo maka a WhatsApp ba madogara ba ne, ko da an manna masa tambarin BBC ko Sky Sports, domin manna tambari aikin minti ɗaya ne. Ka je shafin kafar da kanka ka duba ko sun wallafa. Shuɗiyar alamar da ke kan X ma yanzu saye ake yi, don haka ba ta isa shaida ba. Ka karanta sunan shafin harafi da harafi. Sai kuma ranar wallafawa. Alƙaluman koci suna canjawa duk mako, kuma abin da yake daidai a watan Satumba zai iya zama kuskure a Disamba, amma hoton yana nan yana yawo.

Idan jaridu goma sun kawo lamba ɗaya, kada ka ɗauka shaidu goma ka samu. Galibi dukkansu daga wuri guda suka kwaso, sau da yawa daga kamfanin tattara alƙaluma na Opta. Idan an ambaci Opta, ka nemo ainihin rubutunsu, domin su kan faɗi iyakar maganar, kamar "a gasar Firimiya" ko "tun daga kakar 2003/04", masu kwafa ne suke yanke wutsiyar.

Mataki na uku: tabbatar da ranar kama aiki da ranar barinsa

Wannan mataki ana raina shi, alhali kurakurai da yawa a nan suke. Kakar wasa ɗaya za ta iya ratsa hannun koci biyu ko uku. Chelsea ta ci kofin Zakarun Turai a 2012 a hannun Roberto Di Matteo, amma a watan Maris na shekarar ya karɓi riƙon ƙwarya bayan an sallami André Villas-Boas, wanda shi ya tsallakar da ƙungiyar daga matakin rukuni zuwa zagaye na gaba. Chelsea ta gama lig a mataki na shida a kakar. Wanda ya ɗora wa Di Matteo mataki na shidan dungurungum bai yi masa adalci ba, wanda kuma ya ce shi ya ja ragamar gasar Turan tun daga farko ya ƙara gishiri.

A nan gida abin ya fi yawa. Za ka ji an ce Stephen Keshi ya kai Togo gasar cin kofin duniya ta 2006. Gaskiya ne shi ya sama mata gurbi, amma Otto Pfister ne ya jagorance ta a Jamus. Shuaibu Amodu ya ƙarasa wa Najeriya wasannin neman gurbin 2002, ya kuma sama mata na 2010, amma Adegboye Onigbinde da Lars Lagerbäck ne suka je gasannin biyu. Enyimba ta ci kofin Zakarun Afirka sau biyu a jere, sai wasu su haɗa wa mutum ɗaya, alhali Kadiri Ikhana ne ya ci na 2003, Okey Emordi ya ci na 2004.

Sanarwar ƙungiya a shafinta ita ce hujja mafi ƙarfi kan ranaku. Ka rubuta wasan farko da wasan ƙarshe na kocin, duk ƙirgar da za ka yi a tsakaninsu za ta tsaya.

Mataki na huɗu: ka ƙirga da kanka

Nan ne zuciyar aikin, don haka bari mu yi shi tare da misali guda daga farko har ƙarshe. Mu ɗauki Erik ten Hag a Manchester United, wanda aka sallama ranar 28 ga Oktoban 2024, kwana ɗaya bayan West Ham ta doke su 2-1.

Ka buɗe jerin sakamakon wasanni kaka bayan kaka. Shafin gasar Firimiya yana da na lig. Transfermarkt yana da shafi na musamman ga kowane koci, wasa bayan wasa. Soccerway da 11v11 suna taimakawa, RSSSF kuma ya fi amfani ga tsofaffin shekaru. Wikipedia tana da kyau wurin farawa, amma kowa na iya gyara ta, kuma a ranar da aka kori koci masu tsokana sukan shiga su yi ɓarna, don haka ka haɗa ta da wani wurin. Ƙa'idar ita ce wurare biyu da ba su kwafi juna ba.

Ka ja layi uku a takarda: nasara, canjaras, rashin nasara. Ka cire wasannin sada zumunta na share fagen kaka, ba a ƙirga su. Ga abin da za ka samu. A kakar 2022/23 ya buga wasa 62, ya ci 41, canjaras 9, an doke shi 12. A 2023/24 wasa 52, ya ci 25, canjaras 8, an doke shi 19. A guntuwar kakar 2024/25 wasa 14, ya ci 4, canjaras 6, an doke shi 4. Jimilla wasa 128, nasara 70, canjaras 23, rashin nasara 35. Kafin ka ci gaba ka haɗa 70 da 23 da 35 ka ga ko sun ba ka 128. Wannan ɗan gwajin kaɗai yana tona asirin hotuna da dama, domin za ka tarar lambobinsu ba su ma haɗu ba.

Don samun kason nasara, ka raba 70 da 128 ka ninka da 100. Zai ba ka kashi 54.7 cikin ɗari.

To amma za ka ci karo da wurin da aka rubuta nasara 72, wato kashi 56.25. Ba ƙirƙira suka yi ba. United ta fitar da Brighton a wasan kusa da na ƙarshe na kofin FA a 2023 da bugun fenariti bayan an tashi 0-0, ta kuma fitar da Coventry a 2024 da fenariti bayan 3-3. A ƙa'idar masu ajiye alƙaluma, wasan da aka raba gardama da fenariti canjaras ne, fenaritin hanya ce kawai ta fitar da wanda zai wuce. Masu 72 sun mayar da waɗancan biyun nasara. Idan za a bi hanyarsu, dole wasan buɗe kaka na Community Shield na Agustan 2024, wanda aka tashi 1-1 Manchester City ta yi nasara a fenariti, ya koma rashin nasara, ya zama 72, 20, 36. Kowace hanya ka bi ba laifi, muddin da mudun da ka auna wannan koci za ka auna wanda kake kwatanta shi da shi. Inda ake ha'inci shi ne a ƙirga wa wanda ake so fenaritinsa a matsayin nasara, a bar na ɗayan a canjaras.

Yanzu ka ware lig daban. Daga cikin wasa 128 ɗin, 85 ne na Firimiya: nasara 44, canjaras 14, rashin nasara 27. Kason nasara ya sauko zuwa 51.8. Sauran wasa 43 na kofuna ne, ya ci 26, wato kusan kashi 60. Ka ga mutum ɗaya, lokaci ɗaya, amma mai yabonsa zai iya cewa 60, mai sukarsa ya ce 52, kuma babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu.

Ni a ganina, a lig matsakaicin maki a kowane wasa ya fi kason nasara faɗin gaskiya, domin kason nasara bai bambanta canjaras da shan kashi ba. Ka ninka nasara da uku, ka ƙara yawan canjaras, ka raba da yawan wasa. Ten Hag ya tara maki 146 a wasa 85, wato 1.72. Sai ka ƙara rarraba shi kaka-kaka: maki 75 a wasa 38 a kakar farko, wato 1.97, suka gama na uku. Maki 60 a ta biyu, wato 1.58, suka gama na takwas. Maki 11 a wasa tara a ta uku, wato 1.22. Wannan gangarowar ita ce labarin, kuma jimillar 54.7 ta ɓoye ta gaba ɗaya. Haka nan gangarowar ba ta share kofin League Cup na 2023 da kofin FA na 2024 da ya ci ba. Mai son gaskiya zai ajiye duka biyun a gabansa.

Mataki na biyar: wane kofi aka ƙirga?

An san Sir Alex Ferguson da kofi 38 a United tsakanin 1986 da 2013. Lambar daidai ce, ga kuma abin da ke cikinta: lig 13, kofin FA 5, League Cup 4, Zakarun Turai 2, Cup Winners' Cup 1, Super Cup na Turai 1, Intercontinental 1, kofin duniya na ƙungiyoyi 1, sai Community Shield 10, wanda a da ake kira Charity Shield. Wannan na ƙarshen wasa ɗaya tal ne na buɗe kaka, shi ya sa wasu ba sa saka shi cikin manyan kofuna. Idan aka cire shi saura 28. José Mourinho ya ci Community Shield da League Cup da Europa da United a kakar 2016/17, shi yana ƙirga uku, wasu jaridu suna ƙirga biyu. Idan ka ga an jera koci biyu da yawan kofunansu, ka rubuta kofunan ɗaya bayan ɗaya da shekarunsu, ka ga ko an yi wa kowa ƙirga iri ɗaya.

Haka maganar "ba a doke shi ba". Arsenal ta Arsène Wenger ta gama lig na 2003/04 da nasara 26 da canjaras 12, babu rashin nasara, ta kuma kai wasa 49 a jere kafin United ta doke ta 2-0 a Oktoban 2004. Wannan bajinta ce ta gaske, amma a lig ne. A cikin kakar nan Inter Milan ta ci ta 3-0 a filinta na Highbury, Chelsea ta fitar da ita daga Zakarun Turai, United ta fitar da ita daga kofin FA, Middlesbrough ta fitar da ita daga League Cup. Wanda ya ce ba a doke ta ba duk kakar, bai faɗi gasar ba, ya yi kuskure.

Mataki na shida: "na farko" da "a tarihi"

Irin wannan magana misali ɗaya ya isa ya rushe ta, don haka aikinka shi ne neman misalin. Keshi ya ci kofin nahiyar Afirka yana ɗan wasa a 1994, ya ci yana koci a 2013 da Najeriya ta doke Burkina Faso 1-0 a Afirka ta Kudu. Ana yawan cewa shi ne na farko da ya yi haka. Mahmoud El-Gohary na Masar ya riga shi: ya ci yana ɗan wasa a 1959, ya ci yana koci a 1998. Keshi na biyu ne, kuma hakan bai rage masa komai ba.

Sai tarkon 1992. A shekarar aka fara gasar Firimiya, amma lig na Ingila ya faro tun 1888. Lokacin da United ta gama ta takwas a 2024, an yi ta cewa ba ta taɓa yin ƙasa haka ba a tarihi. A zamanin Firimiya, a lokacin, haka ne. Amma a hannun Ferguson kansa ta gama ta 13 a kakar 1989/90, kuma ta taɓa faɗuwa daga rukunin farko a 1974. Jürgen Klopp ya ciyo wa Liverpool Firimiyarta ta farko a 2020, wanda shi ne kofin lig na 19 a tarihinta. Gasar Zakarun Turai ma a 1992 ta sauya suna, tun 1955 ake buga ta, shi ya sa akan manta da Bob Paisley da ya ci sau uku da Liverpool a 1977 da 1978 da 1981.

Mataki na bakwai: wasa nawa ne?

Ruud van Nistelrooy ya riƙe United wasa huɗu bayan tafiyar Ten Hag, ya ci uku ya yi canjaras ɗaya. Kashi 75 ke nan. Ferguson ya ci 895 cikin wasa 1,500, kashi 59.7. Babu mai hankalin da zai ce na farkon ya fi, balle idan ya duba ya ga duka huɗun a gida, filin Old Trafford, aka buga, biyu daga ciki da Leicester. Ole Gunnar Solskjaer ya ci 14 cikin wasa 19 na farko yana riƙon ƙwarya a United, aka tabbatar masa da aikin a ƙarshen Maris na 2019, sai ya ci biyu kacal cikin goman da suka rage a kakar. Duk lokacin da ka ga "a wasa goma na ƙarshe" ko "tun daga watan Janairu", ka tambayi dalilin farawa daga nan. Ka matsa baya da wasa biyar, ka sake lissafi. Idan maganar ta rushe, an zaɓi wurin farawar ne da gangan.

Mataki na takwas: zamani da hukuncin ofis

A 1981 Ingila ta koma bayar da maki uku kan nasara, kafin nan biyu ne. Har zuwa kakar 1994/95 ƙungiya 22 ce a Firimiya, ana buga wasa 42, daga baya aka koma 20 da wasa 38. Kwatanta jimillar maki tsakanin waɗannan zamunna ba tare da gyara lissafi ba aikin banza ne.

Akwai kuma sakamakon da aka canja bayan an tashi daga fili. A Nuwamban 2017 Najeriya ta Gernot Rohr ta yi 1-1 da Aljeriya a wasan neman gurbin kofin duniya, daga baya FIFA ta ba Aljeriya wasan 3-0 saboda an saka Shehu Abdullahi alhali yana da dakatarwa. Wani shafin zai nuna maka canjaras, wani rashin nasara, shi ya sa alƙaluman Rohr kan bambanta da wasa ɗaya. Everton ta Sean Dyche ta gama kakar 2023/24 da maki 40 a teburi, amma 48 ta samu a fili, an zaftare mata takwas saboda karya dokar kashe kuɗi. Idan aikin koci kake aunawa, 48 ɗin ne nasa.

Mataki na tara: kuɗi da kalamai

A nan ka sassauta murya, domin ƙungiyoyin Ingila galibi ba sa bayyana ainihin farashin ɗan wasa, abin da jaridu ke kawowa rahoto ne. Ka duba ko kuɗin da aka kashe kawai ake nufi, ko an cire na waɗanda aka sayar. A Janairun 2018 Liverpool ta sayi Virgil van Dijk kan fam miliyan 75, a watan kuma ta sayar da Philippe Coutinho ga Barcelona kan kuɗin da aka ruwaito zai iya kaiwa fam miliyan 142 idan an cika wasu sharuɗɗa. Faɗin ɗaya a bar ɗaya rabin labari ne. Ka kuma kula da fam da yuro, ana yawan cakuɗa su.

Kalaman da aka jingina wa koci kuwa, ka nemi bidiyon. Manyan ƙungiyoyi suna ɗora taron manema labarai a shafukansu na YouTube. Ka saurari tambayar da aka yi masa kafin amsar. Maganar da babu bidiyo, babu sunan kafar da ta yi hirar, babu rana, ka ajiye ta gefe.

Mataki na goma: rubuta abin da ka gano

Ka saka maganar a ɗaya daga cikin gida huɗu: daidai ce, daidai ce amma an yanke iyakarta, kuskure ce, ko ba a iya tabbatar da ita ba. Na ƙarshen nan za ka fi haɗuwa da shi idan kocin lig ɗin Najeriya kake bincike, domin tsofaffin kakanni ba su da cikakken jerin wasanni a wuri ɗaya, kuma ana yawan ba mutum muƙamin mai ba da shawara kan fasaha alhali shi ke jan ƙungiyar, wani kuma yana riƙe da sunan babban koci. A irin wannan sai ka bi rahotannin jaridu na ranar wasa ɗaya bayan ɗaya, ka ga wa aka ambata a benci, ka haɗa da teburin ƙarshen kaka.

Idan za ka mayar da martani, ka kawo lambar tare da iyakarta cikin jimla ɗaya, kamar haka: a wasa 85 na Firimiya, daga Agustan 2022 zuwa Oktoban 2024, Ten Hag ya ci 44, ya yi canjaras 14, an doke shi 27. Ka faɗi inda ka samo, ka faɗi yadda ka ƙirga wasannin fenariti, ka saka ranar da ka yi lissafin. Ka kuma adana hoton shafin da ka duba, domin a kan gyara shafi ko a goge shi bayan an gano kuskure.